Ranar da Hajo Ta Kife Akushi

A ƙauyukan da ke bayan Azarori, in ka ce Hajo kawai sai a tambaye ka wacce, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Hajo Mai Ɗura, Allah ya jiƙanta, har yau akwai wanda zai nuna maka kangon gidanta a ƙarshen gari, wajen tudun duwatsu. Gajera ce, siririya kamar tsinken tsintsiya, ga baki ba ya ajiye magana ta kwana. Mace ce da ba ta taɓa yin ƙiba ba tun da uwarta ta haife ta, amma rabin ƙibar garin nan daga hannunta ta fito.

Kowa ya san ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tallabe haɓarsa, a tara masa kunu ko nono a baki da tafin hannu, a ɗan toshe hanci, ya haɗiye ko yana so ko ba ya so. Kowace uwa tana taɓawa, sai dai ba kowace ce take yi ba tare da ta shaƙe ɗanta ba. Hajo kuwa ko yaro ya fi jaki taurin kai, in ya shiga hannunta sai ka ga akushi ya koma wayam, shi kuma bai ko yi tari ba.

Gado ta yi. Kakanninta sun yi zamansu a ƙarƙashin Abzinawa masu raƙuma, su ne masu noma, su ne masu daka, su ne masu tatsa. Uwar Hajo aikinta ɗaya ne a zangon iyayen gidansu: ɗura wa 'ya'yansu mata nonon taguwa da gumba, safe da yamma, har yarinya ta yi jikin da ba ta iya tashi sai an kama ta. A wurinsu wannan shi ne kyau, shi ne kuma shaidar cewa yarinya 'yar gida ce, ba ta san taɓarya ba, ba ta san hanyar rijiya ba. Hajo tana ƙarama ita ke riƙe wa uwarta akushin, tana kallon nono yana wucewa tana haɗiyar yawu. Yarinyar da ake ɗura wa sa'arta ce, sunanta Zali. Tare suka yi tseren kama 'yan awaki kafin a zaunar da Zali a kan tabarma, kuma a lokacin Zali ce ke cin tseren.

Zamani ya juya. Mutanen Hajo suka kafa garinsu, suka yi gonakinsu na gero da dawa, babu mai aiken su. Sai dai sun baro zango, idonsu bai baro shi ba. Duk uwar da ta samu hali, burinta 'yarta ta yi kumatu da wuya irin na 'ya'yan masu raƙuma, don duniya ta san ita ma yanzu 'yar gida ce. Nan Hajo ta ci kasuwarta. Akushin uwarta ne a hannunta, ɗan ƙarami, baƙi, ya sha mai har yana ƙyalli. Kullum a buɗe yake a kan ragaya, domin a al'adarsu ba a kife akushin ɗura sai ranar da mai shi ta mutu.

Da yunwar saba'in da uku ta zo, hannun nan nata ya yi abin da ba a manta mata ba. Yara suka rame har haɗiya ta gagare su. Hajo ta riƙa bi gida gida da ɗan ruwan kunun jar dawar agaji, tana ɗiga musu kaɗan kaɗan, tana shafa maƙogwaro har ya wuce. Akwai magidanta a garin nan masu furfura yau, waɗanda ba don Allah ba don tafin hannun Hajo ba da ba a san da su ba. Amma ba duka ta iya riƙewa ba. A cikin gidanta ma an yi rashi: Furera, matar babban ɗanta Alƙasim, ta binne 'ya'ya biyu kafin damina ta dawo.

A cikin wannan fari ne wata rana ayarin mutanen arewa ya biyo ta bayan gari, a ƙafa, za su Madawa inda aka ce ana rabon hatsi. Dabbobinsu sun ƙare. Da suka wuce, sai yara suka zo suka ce an bar wata mace a ƙarƙashin aduwar bakin hanya. Hajo ta je. Ta tarar da mace a zaune, fata ta saki ta yi mata yawa kamar rigar aro, ƙafafu sun kumbura. Jakin da ke ɗauke da ita ne ya faɗi, mazan kuwa sun ɗauke ta har ƙarfinsu ya ƙare, suka ce za su dawo. Matar ta ɗaga hannu ta miƙo, ta ce, "Kama ni." Da jin muryar, Hajo ta gane ta. Zali ce.

Sai da mata huɗu suka taru kafin aka kai ta ɗakin Hajo. Ta yi 'yan makonni a nan, Hajo na ba ta abin da ta samu. Wata rana da hantsi Zali ta dubi akushin a kan ragaya, ta yi 'yar dariya.

"Har yanzu shina nan?" in ji ta. "Hajo, ranar da raƙumanmu sunka mutu na nemi ƙahwahuna, na iske tun ina ƙarama anka binne su cikin wanga akushi. Ba laihin uwakki ba ne, aikin da anka sa ta ta yi. Amma da an bar mini su, da yanzu ina Madawa tare da 'yan'uwana."

Mazan ba su dawo ba, Zali kuwa a garin aka yi mata sutura. Hajo ta haɗiye maganar ba ta gaya wa kowa ba. Ɗan Adam ke nan: da ruwa ya dawo, rumbuna suka cika, sai maganar ta kwanta can ƙasan zuciyarta, ta ci gaba da sana'arta.

Shekaru masu albarka suka biyo. Furera ta haifi 'ya mace aka sa mata Biba. Alƙasim ya samu aiki a ma'adinan Arlit, duk kamyon, wato babbar motar kaya, da ya gangaro kudu sai ya zo da saƙonsa: madarar gwangwani mai zaƙi, sukari, biskit. Furera kuwa, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ba ta iya ganin ƙashin wuyan yaro gabanta bai faɗi ba. Tun da aka yaye Biba take dama fura da madarar gwangwani da man shanu, ta miƙa wa surukarta, Hajo ta ɗura. Safe, rana, yamma. Biba ta yi ɓul-ɓul, wuya ya ninku, hannu ya yi gaɓa gaɓa. Mata na zuwa kallo suna cewa tubarkalla, kai ka ce 'yar masu raƙuma ce. Furera ba ta da abin da ya fi wannan kalma daɗi a kunne.

Biba na da shekara biyar, ranar ruwan farko na damina, Hajo ta fito da akushi cike. Yaran unguwa suka ɓarke da gudu tsirara cikin ruwa suna ihu, suka wuce ta ƙofar gida. Biba na zaune a kan tabarma a bakin ɗaki. Ta yunƙura za ta bi su, ta koma ta zauna. Ta sake yunƙurawa, numfashinta na fita da ƙara. Sai ta ɗaga hannu ta miƙa wa kakarta.

"Kaka, kama ni."

Hajo ta tsaya kamar an dasa ta. Hannun nan ta san shi, kalmar nan ta san ta. Tsoro ya kama ta irin wanda ko a shekarar yunwa bai kama ta ba. Ta juye furar a ƙwarya, don ba ta cikin masu zubar da abinci, ta wanke akushin da ruwan indararo, ta shiga ɗaki ta kife shi a kan ragaya.

Furera ta gani, ta biyo ta da sauri. "Inna, lahiya? Mi ya hwaru? Hurar ta yi tsami ne?"

"Hura lahiya lau take. Ni ce na gama."

"Kin gama mi? Inna, kina da rai kin kihe akushi?"

"Na kihe. Ga tuwo, ga hura, ga hannunta Allah ya ba ta. In ta ji yunwa ta ci, in ta ƙoshi ta tashi. Ɗura ce ba ni ƙara yi ma wanda ba shi da ciwo."

Furera ta fashe da kuka. "Biyu na binne kina gani. Wagga guda da Allah ya bar mini, ita za ki hana ma abinci?"

"Ɗiyar nan ba ta iya tashi, Hurera. Ke ba ki gani ba?"

"Ta tashi ta tahi ina? Mi ta rasa?"

Hajo ta iya ɗura, amma ba ta iya lallashi ba, wannan kam gaskiya ce. Maimakon ta zaunar da surukarta ta ba ta labarin Zali, sai ta ce, "Ki jira ranar da za ki sani," ta fice. Kafin azahar magana ta gama gari. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Wasu suka ce rowa ce, tana ganin ƙyashin madarar da ɗanta ke aiko wa jikarta. A garin da bai daɗe da binne yara saboda yunwa ba, babu zagin da ya kai a ce ka janye wa yaro abinci. Matan da ta ceto wa 'ya'ya ma suka riƙa gaishe ta a tsaitsaye. Furera ta gwada yin ɗurar da kanta, Biba ta shaƙe har idonta ya juye, dole ta bari, ta koma bin ta da ludayi tana roƙo. Alƙasim da ya zo hutu ya ji ƙarar uwa ya ji ta mata, sai ya ɗauki rediyonsa ya koma majalisar ƙofar masallaci, bai sake zaman gida ba har ya tafi.

Barin ɗura kaɗai ba zai tayar da yarinya ba, Hajo ta san haka. Sai ta ɓullo da dabarar da ta ƙara ja mata surutu. Da safe ta ɗauki kwandonta na ɗibar ganye, ta tsaya a kan Biba, ta fara tatsuniya. Da rana fa! Kowa ya san ba a tatsuniya da rana, an ce mai yi ɓata yake a daji. Hajo ta ce ita ta tsufa da ɓata. Ta ja labarin kura da ɗan akuya har inda kura ta sa kai a ramin, sai ta yi shiru ta nufi ƙofa.

"Kaka, sai mi ya hwaru?"

"Sauran shina bakin gawon bayan gida. Can na aje shi."

Biba ta yi kuka, ta yi birgima, Hajo ko a jikinta. Daga baya dai ta miƙo hannu. Hajo ta ba ta bakin zanenta ta ce ta ja da kanta. Ranar da ƙyar suka kai gawon, tafiyar da ba ta fi jifan dutse ba, Biba na haki, cinyoyinta sun goge sun yi ja. Hajo ta shafa mata man kaɗe, ta ƙarasa mata labarin, sannan ta juya baya ta share idonta don kada yarinyar ta gani. Washegari sauran labarin ya koma bakin rijiya. Bayan wani lokaci ya koma gindin tudu. Dokar ɗaya ce: in ƙafa ta tsaya, baki ya tsaya.

Yara kuwa ba a yi musu shelar tatsuniya. Kafin gero ya yi bununi, duk safiya sai ka ga 'yar tsohuwa a gaba, garken yara a baya, suna hawan tudun duwatsu. Suna tafe suna tsinkar tafasa da yaɗiya da gasaya, in kaka ta yi su kakkaɓo magarya da aduwa. In sun dawo Hajo ta dafa ganyen ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli a babbar ƙwarya, a sa hannu. Yaran da ake danne wa hanci kafin su haɗiyi fura, ga su suna kokawa a kan kwaɗon tafasa. Biba ma da farko ta yatsina fuska ta ce ita madara take so, amma yunwar hawan tudu ba ta san 'yar gata ba.

Iyaye mata suka fara lura. Yaro ya dawo ya ci da hannunsa, ya yi barci kamar an jefar da shi. Wata Mairamu, maƙwabciyar Hajo, ita ce ta fara zuwa da kanta, wai ta zo ganin abin da ake koya wa ɗanta. Ranar da ciwon gwiwa ya kwantar da Hajo, Mairamu ce ta ja garken, duk da yaran sun ce tatsuniyarta ba gishiri. Daga nan mata suka riƙa karɓa-karɓa, yau wannan gobe waccan.

A wani taron suna ne aka fasa ƙwan. Goggo Lantana, wadda ita ma tana taɓa ɗura kuma kasuwa ta koma hannunta, ta ce a gaban mata, "Hajo, gadon uwayenmu kinka yar. Ɗiyan mutane kina ja cikin duwatsu kamar awaki. Mu da munka samu 'yanci, ɗiyanmu ba su huta ba?"

Nan ne Hajo ta buɗe baki ta faɗi abin da ta daɗe tana riƙe da shi. Da yawansu sun tuna matar aduwa, har da waɗanda suka kama ta zuwa ɗaki, amma ba wanda ya san abin da ta ce. Hajo ta maimaita musu kalma da kalma. Sannan ta ce, "Mu da ƙahwa munka baro zango. Abin da munka hi su da shi ke nan, shi kuma kuke so ku binne." A ranar matan suka yi shawara a tsakaninsu: ɗura ta jariri ce da mara lafiya, yaron da ya iya riƙe ludayi a bar shi da cikinsa. Ba kowa ya bi ba, Goggo Lantana ba ta rasa masu zuwa ta bayan gida ba, amma yawanci sun bi.

Furera tana wurin, ta ji komai. Biba ba ta zama siririya ba, mai jiki ce har girmanta, amma ta zama mai jikin da ke hawa tudu da gudu ta sauko da dami a ka. Duk da haka in Furera ta ga ƙashin wuyan 'yarta ya fito sai ta shiga ɗaki ta yi hawaye. Tsakaninta da surukarta sai gaisuwa da miƙa tuwo. Abin yana cin Hajo ƙwarai, don tana son Furera, amma ba ta buɗe akushin ba.

Sai tamanin da huɗu ta zo. Aka yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe. Aiki ya ja baya a Arlit, Alƙasim ya gangara bakin teku neman wani, saƙo ya yanke. Da rumbuna suka nuna gindi, mutanen gari suka yanke shawarar tafiya fadamar da ke gaba da Madawa, inda ake haƙa rijiyoyi ana noman rani. Tafiya ce ta yini cur a ƙafa, cikin duwatsu. Dabbobi an sayar, wasu sun mutu. A gidan su Hajo jaki ɗaya ya rage, shi ma haƙarƙarinsa a waje.

A lokacin gwiwoyin Hajo sun gama aiki, ko rijiya ba ta iya zuwa. Ta ce su tafi su bar ta da tulun ruwa, ita ta ci zamaninta. Furera ta miƙe. Ta ɗaura wa jakin ɗan tsumma, ita da Mairamu suka ɗaga tsohuwar suka aza. Biba, 'yar shekara tara, ta ɗauki tabarmi da tukunya a ka, ta shige gaba cikin yara. Ƙananan suka fara kukan tafiya tun ba a bar gari ba. Sai aka ji muryar Biba ta fara labarin kura da ɗan akuya, tana gaya musu sauran yana can gaba, in ƙafa ta tsaya baki ya tsaya.

Furera ce ke jan jakin. Da suka zo daidai aduwar bakin hanya, sai ta rage tafiya, ta tsaya. Ta dubi gindin itacen, ta dubi 'yarta can gaba.

"Inna," ta ce, "jaki guda ne."

"Na gani. Gwiwa ce ta mutu, ba ido ba."

"Da Biba ta tsaya yadda nike so..." in ji Furera. "Da yau sai na zaɓa. Da guda cikinku zan bari nan ƙarƙashin iccen ga."

Hajo ta sunkuyo daga kan jakin. Ita ba don kanta ta yi ba, bai taɓa zuwa mata a rai cewa ita ce za ta hau jakin ba. Ta miƙa hannun nan nata da ya ɗura wa rabin gari, ta dafa kan surukarta, abin da ba ta yi ba tun ranar ruwan farkon nan.

"Ja mu tahi, ɗiyata," ta ce. "Kin bar ni nan ina jin rana, ga shi waccan mai bakin tana ɓata mini labari. Ba haka kura ta ce ba."

Furera ta yi dariya cikin hawaye, ta ja igiya. Hajo ta waiwaya ta dubi aduwar har jakin ya wuce ta. Biba kuwa ta riga ta yi nisa da tukunya a ka, yara na bin ta, ko sanin akwai itace a wurin ba ta yi ba.